Jar Waya a Bakin Buhu

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ɗin ba, ko da yake Allah ya sani na yi bakin ƙoƙarina in manta. Amma bari in fara da neman afuwa: shekaru sun ja, kuma wanda ya sha kunya irin wadda na sha ba lallai ne kansa ya riƙe komai daidai ba. Wasu maganganun na tabbata an faɗe su, wasu ina kyautata zaton an faɗa, wasu kuma mai yiwuwa ni ne na yi ta maimaita wa kaina har na ɗauka daga bakin wani suka fito. Abin da ba na shakka a kansa shi ne buhun, da jar wayar lantarkin da ta leƙo daga bakinsa.

A lokacin nan ne da garuruwan arewacin jiharmu suka watse, mutane suka yi ta kwararowa Yola da Jimeta, wasu a mota, wasu a ƙafa. Duk wanda ya zauna a garin a wancan zamani ya san yadda muka koma. Ana lalube mutum a ƙofar masallaci da ƙofar coci, ba a barin leda a ƙasa, kuma in baƙo ya tambaye ka hanya sai ka fara kallon rigarsa kafin ka kalli fuskarsa. Kowa ya koyi zargi. Ni kuwa ban koya ba, da shi aka haife ni. Zamanin ne kawai ya zo ya same ni a shirye.

Na gama karatun injiniyanci, na yi bautar ƙasa, na dawo gidanmu a Rumde babu aiki. Sai Kawu Hammadu, ƙanen mahaifiyata, ya ce in zo shagonsa na katako a Jambutu in riƙa kula masa da injuna. Shago ne babba, rumfar kwano mai injin tsaga da injin goge katako, kafintocin unguwa suna kawo katakonsu a gyara musu. Kowa a wurin Injiniya yake ce mini, kuma har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko tsokana. (Ina jin rabi da rabi ne.)

Injin goge katakon shi ne ran shagon. Tsohon ƙarfe ne kore, ya girme ni, mai yiwuwa ya girmi auren Kawu. Kana tura masa katako mai kaushi ta gaba, wasu rololi biyu su kama shi su ja shi a hankali ƙarƙashin wuƙaƙe, ya fito ta baya sumul. Abin da ke juya rololin nan wasu giya ne guda biyu, wato faifan ƙarfe masu haƙora, babba da ƙarama, a cikin akwatin ƙarfe mai cike da mai, haƙoran wannan suna shiga na wancan.

Cikin mutanen da gudu ya kawo akwai Ishaya, kafinta daga wajen Michika, dogo, mai ƙarancin magana. Matarsa da 'ya'yansa suna zaune a harabar wani coci a Jimeta tare da ɗimbin iyalai, shi kuma ya zo neman aiki. Kawu ya gwada shi da ƙofa ɗaya, ya ga aikin, ya ɗauke shi, har ya ba shi ɗan ɗakin ajiyar kaya ya riƙa kwana. Amma a lokacin ba a ajiye baƙo haka kawai. Sai da Kawu ya kai shi gaban mai unguwa ya tsaya masa, aka kuma faɗa musu a fili: ranar da aka kawo ƙorafi ɗaya a kan baƙon, ko da na zato ne, za a miƙa shi ga jami'an tsaro su yi nasu binciken. Kowa ya san ma'anar wannan ga mutumin da ya baro gida ba tare da ko katin shaida ba. Ni ma na sani. Ina so a riƙe wannan, domin ba zan iya cewa ban sani ba.

Ba a daɗe da zuwansa ba injin ya fara rashin lafiya. Katako zai shiga, ya yi tafiya, sai ya tsaya cak, sannan ya yi zumbur ya wuce. Duk inda ya tsaya sai wuƙa ta bar masa tabo. Ga wata ƙara kuma, ƙwas, ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin ƙarfen. Wani kafinta ya dawo da katakon madaci da muka lalata masa, ya jefar a gaban Kawu ya ce, "Wannan goge shi kuka yi ko tauna?"

A nan zan ɗan yabi kaina, domin nan gaba babu wurin yabo. Binciken da na yi daidai ne. Na fara da abu mai sauƙi: na duba bel, ba ta saki ba. Na duba sarƙa, lafiya lau. Na kankare ƙaron da ya manne a jikin rololin, na goge teburin, babu canji. Sai na cire wuta gaba ɗaya (na cire, na koma na duba na cire, na sake komawa), na yi wa ƙafar da bel ke juyawa alama da alli, na riƙa juya ta da hannu. Duk sanda alamar ta zo wuri ɗaya, sai ƙwas. Na jujjuya ta gaba da baya, na ji tana wasa kafin rololin su motsa. Na tsiyaye man akwatin a kwano na kai rana, sai ga shi yana ƙyalli da garin ƙarfe. Da na buɗe murfin, haƙoran ƙaramar giyar sun sirance sun yi kaifi, biyu sun guntule, na babbar kuma sun cinye ta gefe ɗaya. Na kama sandar ƙarfen da giyar ke kai na girgiza, ta yi rawa a cikin zoben tagullar da ke riƙe ta. Ke nan zoben ne ya fara cinyewa, sandar ta karkace kaɗan, haƙoran suka daina haɗuwa daidai, suka yi ta cin junansu.

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni sai na ƙara tambaya ɗaya: me ya sa sai yanzu?

Injin da ya yi shekaru yana aiki, me ya sa sai da aka samu mai kwana a shago ya lalace? Ban ce Ishaya ya zuba yashi a mai ba. Ban ma ce ya taɓa injin ba. Na dai lura cewa shi ke share shagon da asuba, kuma tsintsiyarsa tana daɗewa a gindin injin. Na lura yana yawan fita waje in zai amsa salula. Na lura ba ya dariya in an yi abin dariya. (Mutumin da ya baro gidansa yana ci da wuta, ni kuma ina jiran ya yi mini dariya.)

Na sami Kawu a kan bencinsa yana cin gyaɗa, na sassauta murya.

"Kawu, ba wai ina zargin kowa ba ne."

"To madalla. Je ka yi aikinka."

"Sai dai akwai abubuwan da, in aka haɗa su, mai yiwuwa..."

"Injiniya," in ji shi, "injin nan da na saye shi, uwarka ba ta yaye ka ba, kuma a lokacin ma na hannu ne. Ni da ba a zuba mini yashi ba, kalli bakina." Ya buɗe baki ya nuna mini giɓinsa. "Wa ya yi mini wannan? Ishaya?"

Na yi dariya don ladabi, amma a raina na ce Kawu mutumin kirki ne, kuma mutanen kirki ake cuta.

Sabbin giyar irin wannan inji ba a samunsu a kasuwa, sai dai a kai tsofaffin a sassaƙa wasu a kansu. Akwai wani Oga Chidi a cikin Jimeta mai injin sassaƙa ƙarfe, shi kowa ke kai wa. Na ce a yi duka biyun har da sabon zobe, domin in aka haɗa sabuwar giya da tsohuwa, tsohuwar za ta cinye sabuwar. Ban yarda kowa ya kai ba, ni na ɗauka da kaina a keke. Kuma kafin in fita na yi wata dabara da na ji daɗinta ƙwarai a lokacin. Na yanko jar wayar lantarki, na zura ta cikin wata 'yar huda a jikin babbar giyar, na yi mata wani irin ƙulli mai murɗi uku da ni kaɗai na iya, na bar jelarta doguwa. Tsohuwar giyar ita ce shaidata. In wata rana gaskiya ta fito, zan so in nuna ta, kuma ba na so a musanya mini da wata.

Oga Chidi ya juya giyar a hannunsa, ya kalli wayar, ya kalle ni.

"Oga, wannan fa? Na decoration?"

"Alama ce. Don Allah kar a kwance. In an gama, a dawo mini da tsofaffin yadda na kawo su."

"Wa zai sace mataccen giya, oga? Ko ɗan gwangwan sai ya yi tunani."

"Ban ce za a sace ba."

"Ka ce da waya."

Na tambaye shi, a matsayinsa na wanda ya ga giya da yawa, ko yana ganin hannun mutum a wannan cinyewar. Ya ce tsufa ne. Na ce ko akwai yiwuwar ba tsufa kaɗai ba. Ya ce akwai yiwuwar in tafi in bar shi ya yi aiki.

Da na koma shago na kafa doka: in an gama, kada a kawo kayan shago, kada kowa ya taɓa su, sai na duba su da idona a gida tukuna. Ban faɗi dalili ba. Dalilin kuwa shi ne ba na so su kwana ɗaki ɗaya da Ishaya.

Ranar da abin ya faru na je Namtari gaishe da wani abokin karatuna da ya yi rashin mahaifi. A hanyar dawowa wata lamba da ban sani ba ta yi ta kirana. Ni kuwa ba na ɗaukar baƙuwar lamba, ko a lokacin zaman lafiya balle lokacin nan. Na bar ta ta yi ta kuka har ta gaji.

Na sauka a bakin layinmu bayan la'asar. Ina isa ƙofar gida sai na gan shi. Buhun shinkafa ne tsoho, an ɗaure bakinsa da tsumma, an jingine shi a lungun da ke tsakanin dakali da ƙofar zaure, inda ba kowa zai lura ba. Yana zaune da nauyi, ba irin zaman hatsi ba. Gindinsa ya jiƙe da wani baƙin abu. Daga bakinsa kuma jar waya ta leƙo, ta lanƙwasa, tana kallona.

Yanzu mai karatu ya riga ya gane. Na sani. Duk wanda na ba wa labarin nan a nan yake fara dariya. Amma ni a ranar ban gane ba. Kaina bai je Jimeta ba, bai je shago ba, bai tuna hannuna ya taɓa riƙe jar waya ba. Abin da na sani kawai shi ne wata da watanni ina jiran irin wannan buhun, ga shi ya zo, kuma ƙofar gidanmu ya zaɓa.

Na ja da baya a kan yatsun ƙafa har na isa wurin Adda Mairo, maƙwabciyarmu mai suyar awara.

"Adda, wa ya ajiye wancan?"

"Wani dogo ne baƙi, ya sauka a keke. Ya yi ta sallama ba a amsa ba, Dadarku tana can ciki rediyo na ta yi. Sai ya ajiye ya tafi."

"Kin san shi?"

"Ban taɓa ganinsa ba. Hausarsa ma ba ta nan ba ce."

Ina jin na so in ce a hankali, "A ɗan matsa." Shaidu sun ce abin da ya fito daga bakina ihu ne, kuma kalmar da na yi ihun da ita ita ce wadda ba a faɗa a garin a lokacin sai an ga ƙafafu. Adda Mairo ta bar kaskonta a wuta. Masu karta a gindin dalbejiya suka watse, ɗaya da tabarmar a hannu. Tela ya fito da tef a wuya ba takalmi. Kafin ka ce me, layin ya koma ƙarshensa biyu, tsakiya babu kowa sai buhu da awara tana ƙonewa.

Ni kuma na zama kwamanda. Na ce kowa ya kashe salularsa, domin na taɓa jin ana tayar da irin waɗannan abubuwa da kira. Sai da na fara kiran 'yan sanda, sannan na kashe tawa, daidai lokacin da sunan Kawu ya fito a fuskarta. Na ce a raina, Kawu, yi haƙuri, ana ceton rai.

Sai na tuna Dada, mahaifiyata, tana ciki, kuma ƙofar gidan ɗaya ce. Muka zagaya ta gidan baya, aka kafa tsani a katanga, na yi ta kiranta har ta fito da carbi a hannu. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko dakali ba ta hawa sai an riƙe ta, ita muka sa ta taka turmi ta hau katanga, maza biyu suka sauko da ita ta ɗaya gefen, tana salati tana tambaya ko an kashe murhu.

Jauro, mai unguwarmu, ya iso da 'yan banga da wani tsohon maharbi mai layu a damtse. Jauro ya tambayi wa ya fara gani, aka nuna ni. Na yi masa bayani dalla-dalla: nauyin buhun, baƙin ruwan da ke gindinsa, wurin da aka zaɓa, sannan wayar. Na ce a matsayina na injiniya ba zan iya tabbatarwa ɗari bisa ɗari ba, amma jar waya ba ta fitowa daga buhu don nishaɗi. Mutane suka gyaɗa kai. Wani ya ce, "Karatu ya yi rana." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Muna cikin haka sai Adda Mairo ta ƙwalla ƙara daga ɗaya ƙarshen layin: "Ga shi nan! Wallahi shi ne!"

Ashe mutumin bai yi nisa ba. Ya je bakin titi ya zauna yana jira, ya dawo ya ga ko mai gidan ya iso. 'Yan banga suka yi kansa. Kafin su kawo shi gaban Jauro rigarsa ta yage a kafaɗa, takalminsa ɗaya ya ɓace, an murɗe hannayensa ta baya, mutane suna matsowa, wasu da itace. Aka durƙusar da shi. Ya ɗago kai.

Ishaya ne.

A nan ne wurin da na fi jin nauyin faɗa. Abu na farko da ya zo mini ba tausayi ba ne, ba kuma ganewa ba. Abin da zuciyata ta ce shi ne: ai na faɗa. Na ɗan lokaci, gwargwadon numfashi ɗaya, na ji kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Injiniya," in ji shi, "gaya musu. Kayanka ne. Kawu ya ce in karɓo wurin Oga Chidi in kawo maka gida, ka ce kar a kai shago. Wayana ba kuɗi, na kira ka da wayan Oga Chidi, ba ka ɗauka ba."

Na juya na kalli buhun daga nesa. Na kalli jar wayar. Ko daga inda nake ina iya hango yadda ta murɗe kafin ta lanƙwasa. Murɗi uku.

Jauro ya ce, "Ka san mutumin nan?"

"Na... eh, za a iya cewa na san shi."

"Za a iya cewa, ko ka san shi?"

"Tare muke aiki, ranka ya daɗe."

"Buhun fa? Naka ne?"

"Akwai alamun da ke nuna cewa mai yiwuwa..."

"Kai!" Jauro ya buga sandarsa a ƙasa. "Mutum na durƙushe, jama'a na riƙe da itace, kana mini mai yiwuwa? Naka ne ko ba naka ba ne?"

Na kalli Ishaya. Leɓensa ya fashe. Daga bakin titi kuma jiniyar motar da ni na kira ta fara jiyowa. Na san in motar nan ta iso ana riƙe da shi, ba za a tsaya jin labarin giya ba. Da shi za a tafi, kuma daga can ba Kawu ba, ko Jauro ba shi da ta cewa. A rayuwata ban taɓa faɗin magana ba tare da na bar mata ƙofar fita ba. Ranar na faɗa.

"Nawa ne. Giyar injin Kawu ce. Wayar ma ni na ɗaura. Ku sake shi, ba shi da laifin komai."

"To je ka buɗe," in ji Jauro. "Kai kaɗai."

Na tafi. Layin da nake wucewa kullum ya yi mini tsawo kamar hanyar Numan, idanun unguwa duka a bayana. Kuma don a san irin mutumin da nake: ina tafiya ina sane sarai da abin da ke cikin buhun, amma da na durƙusa zan kwance tsumman, sai da na kawar da fuskata gefe. Ko da wani abu.

Na zazzage shi a kan dakali. Sabbin giya biyu a naɗe cikin jarida, suna ƙyalli, da sabon zoben tagulla. Sai tsofaffin, suna ɗigar baƙin mai, babbar da jar wayarta yadda na ƙulla, ba a taɓa ba. Oga Chidi ya cika alkawari. Na rasa abin yi, sai na ɗaga ta sama da hannu biyu na nuna wa jama'a, kamar wanda ya ci kofi.

Daidai nan motar 'yan sanda ta shigo layin.

Ba zan iya kawo duk abin da aka faɗa ba. Babbansu ya saurari bayani, ya kalli giyar, ya tambaye ni wace makaranta na yi, na faɗa, ya ce zai hana ɗansa zuwa. Adda Mairo ta kawo mini kaskon da ya ƙone ta ajiye a gabana. Maharbin ya ce shi da ya shiga daji bayan maharan da suka watsa garuruwan nan bai taɓa ganin wanda ya kai wa kansa hari ya kuma kira agaji ba. Tela ya ce, "Injiniya, gobe in ka ga inuwarka a zaure, don Allah ka fara tambayarta suna." Dada kuwa, da aka zagayo da ita ta ƙofa, ta tsaya ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Na haife ka ban hau katanga ba, sai da ka yi digiri."

Kawu ya iso a keke yana haki, domin ya yi ta kirana salula a kashe, ya kira maƙwabta duk a kashe (umarnina), ya ɗauka wani abin ne ya same mu. Ya cire hularsa, ya je ya ɗaga Ishaya, ya karkaɗe masa gwiwa. Jauro ya faɗa a gaban 'yan sanda da kowa cewa babu ƙorafi a kan baƙon nan, ba a kuma rubuta sunansa a ko'ina ba; in akwai wanda ya kamata a sa wa ido a unguwar, ɗan gida ne. Wani ya tsinto takalmin Ishaya a kwata. Dada ta sa aka shigar da shi zaure, ta aiko da ruwan ɗumi da rigar marigayi mahaifina.

Washegari na je shago da sassafe don kada in haɗu da kowa a hanya, na tarar labarin ya riga ni. Na wanke akwatin da kananzir har ya daina ƙyallin garin ƙarfe, na fitar da tsohon zoben na buga sabon. Wurin saka sandar sai da mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya daidaita. Ban kira kowa ba. Ina ta fama sai na ga hannun Ishaya ya kama ɗaya gefen.

Muka saka sandar tare. Na shafa wa haƙoran shuɗin alli na juya da hannu don in ga inda suke haɗuwa. Alamar ta fito a tsakiya, daidai. Na zuba sabon mai, na rufe. Sannan na ce, ina kallon sifanar da nake ɗaure noti da ita, "Ishaya, jiya... ba jiya kaɗai ba ma. Tun da injin nan ya lalace nake zarginka."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Kullum in ina shara kana bayan katako kana leƙe. Ƙafafunka suna fitowa ta ƙasa."

Na nemi gafararsa, ba tare da mai yiwuwa ba. Ya ce shi abin da ya fi tsorata shi jiya ba dukan ba ne, tunanin wa zai je coci ya gaya wa matarsa. Daga nan ya ɗauko katakon madaci ya ce in kunna. Injin ya kama katakon ya ja shi a hankali, babu tsayawa, babu ƙwas, ya fito ta baya sumul. Ishaya ya shafa shi da tafin hannu ya ce, "Aiki kam ka iya." Sai ya ƙara da cewa, "Mutane ne ba ka iya ba." A ranar na fara jin dariyarsa.

Ya zauna da mu har garinsu ya lafa, ya kwashe iyalinsa ya koma. Yanzu yana da shagonsa a can, kuma duk sanda ya canza layi ya kira ni da sabuwar lamba, abin da yake fara cewa shi ne, "A'a, ka ɗauka?" Injin yana nan yana aiki a Jambutu. Tsohuwar giyar kuma Kawu ya rataye ta a ƙusa a saman bencinsa da jar wayarta, ya hana a sauke. A Rumde har yau Injiniya Buhu ake ce mini, yaran da aka haifa bayan abin ma haka suke kirana, suna zaton sunan kakana ne.

Darasin da na koya, in har na koya, shi ne wani lokaci ƙarfe tsufa kawai yake yi, babu wanda ya sa shi. Kuma kafin in tara unguwa a kan wata alama mai ban tsoro, yana da kyau in fara tambayar kaina ko ni na ɗaura ta. Ban ce na daina zargi ba. Na dai rage, ina jin.

Waɗanda suka halarta suna da yawa, kuma na san ba za mu yarda a kan komai ba. Adda Mairo ta dage cewa ni na fara gudu kafin in yi ihu, har na ture mata kwanon yaji. Ni ban tuna haka ba, amma ba zan rantse ba. Akwai masu cewa ba turmi Dada ta taka ba, bokiti ne. Duk wanda ya ga abin da idonsa, a Rumde ko a Jambutu, ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko mini da gyara. Ya aiko da baki, ko ya kira, zan ɗauka. Kada dai ya ajiye mini a ƙofar gida.